Allurar ƙwayoyin garkuwar jiki ga ciwon dajin ƙoda da ya bazu: magani ce ko har yanzu gwaji ake?

Ɗan_Gobarau:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Akwai wani talla da ke yawo a wayoyin mutane kwanan nan, wai a Jamus da Indiya da Japan ana ɗibar jinin mai ciwon dajin ƙoda, a tace ƙwayoyin garkuwar jikinshi, a horar da su, a mayar mashi a allura, ciwon ya narke ko da ya kai huhu. Wai ba amai, ba zubewar gashi. Har wasu iyalai sun fara maganar sayar da gona. Likitocinmu da masu haɗa magani da ma'aikatan ɗakin gwaji da ke wannan zaure, don Allah a fayyace mana. Abin nan gaskiya ne? In gaskiya ne, wa ya dace da shi, kuma me ya hana a yi shi a Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke nan Katsina ko a na Shika, Zariya?

Dakta_Ƙofar_Soro:
Wa alaikumus salam, Malam. Ilimin kam gaskiya ne. Ƙwayoyin da ake magana a kansu su ne ƙwayoyin dendiritik, masu rassa kamar saiwa, waɗanda Ralph Steinman ya gano a Jami'ar Rockefeller ta Amurka a 1973, har aka ba shi kyautar Nobel a kansu a 2011. Ba su ne ke kashe ciwon ba. Aikinsu irin na mai kai cigiya ne: su ɗebo kamannin ɓarawo su kai wa 'yan sintiri. Sukan haɗiye gutsuren ƙwayar cuta ko na ƙari, su tafi da shi cikin kaluluwa, su nuna wa ƙwayoyin T, wato sojojin garkuwar jiki, su kuma ƙwayoyin T su fita nema su kashe.

An yi sha'awar gwada wannan a ƙoda ne saboda dalili. Dajin ƙoda ba ya jin kemo irin na yau da kullum, amma tun da daɗewa an san yana jin garkuwar jiki. Tun 1992 aka amince da intalukin-2 mai yawa, maganin da ke zaburar da garkuwar jiki, wanda ke share ciwon gaba ɗaya a kusan mutum 5 zuwa 7 cikin 100, ko da yake wahalarsa kan kai mutum ɗakin kulawa ta musamman.

To amma ga inda maganar take: har yau hukumar magunguna ta Amurka da ta Tarayyar Turai ba su amince da wata allurar ƙwayoyin dendiritik don dajin ƙoda ba. An gwada a babban gwaji, ba ta ƙara wa marasa lafiya kwana ba. Shi ya sa ba a yin ta a Katsina, ba a yin ta a Shika, kuma manyan asibitocin ciwon daji na waje ma ba sa ba da ita sai cikin bincike.

Ɗakin_Gwaji_Daura:
Bari in ƙara a kan maganar Dakta yadda ake haɗa ta, don mutane su san abin da ake sayar masu.

Da farko ana ɗora mutum a kan na'urar tace jini, awa 2 zuwa 4. Jini na fita ta hannu ɗaya, na'ura ta ware fararen ƙwayoyi, sauran ya koma ta ɗaya hannun. Lita 10 zuwa 15 ke zagayawa. Sinadarin hana daskarewar jini da ake sawa yana rage kalsiyam, shi ya sa leɓe da yatsu ke yin tsirtsiri, sai a ba da kalsiyam.

Daga abin da aka tara ake ware ƙwayoyin monosait, a reno su kwana 5 zuwa 6 a akwatin ɗumi mai zafin digiri 37 da iskar kabon kashi 5 cikin 100, tare da sinadarai biyu, GM-CSF da IL-4. A nan suke rikiɗa su zama dendiritik, amma ɗanyu. Sai a ƙara kwana 1 zuwa 2 da wasu sinadaran don su nuna. Wannan matakin ba a wasa da shi, domin ƙwayar da ba ta nuna ba aikinta juyawa yake: maimakon ta tayar da ƙwayoyin T, sai ta koya masu su ƙyale ƙarin.

Sannan a ɗora masu kamannin ciwon. Ko dai a niƙa naman ƙarin a daskarar a narkar sau da yawa a ba su ruwansa, ko a ciro RNA na ƙarin, wato saƙon gadon da ƙwayoyinsa ke ƙera furotin da shi, a cusa masu ta hanyar ɗan bugun lantarki. Daga nan gwajin inganci: babu ƙwayar cuta, wanda shi kaɗai yana cin kwana 14, masu rai sun haura kashi 70, kuma alamomin nuna irin su CD83 da CD86 sun fito. Sai a raba kwalba-kwalba a ajiye a tankin naitirojin, sanyin da ya wuce digiri 150 ƙasa da sifili. Kowace allura ƙwayoyi sama da miliyan 10, a cikin fata kusa da hamata ko matsematsi.

Duk wannan ga mutum ɗaya ake yi. Ta Malam Audu ba ta yi wa Malam Sani. Daga nan tsadar ta samo asali.

Maman_Hanifa:
Ikon Allah. To Dakta, aikin da aka tsara haka daki-daki, ina ya samu matsala?

Dakta_Ƙofar_Soro:
Hajiya, gwajin da ya yanke hukunci shi ne ADAPT. Wani kamfanin Amurka, Argos, ya haɗa allura mai suna rocapuldencel-T, da RNA na ƙarin mutum kamar yadda Malam na Daura ya bayyana. A ƙaramin gwajinsu na mutum 21, matsakaicin rayuwa ya kai wata 30, kusan ninki biyu na abin da ake tsammani a lokacin. Kowa ya yi murna.

Sai aka yi babba, mutum 462, aka raba su ta ƙuri'a: kashi biyu cikin uku allura da sunitinib, ƙwayar sha ta dajin ƙoda, kashi ɗaya sunitinib ba allura. Masu allura matsakaicinsu wata 27.7, marasa allura wata 32.4. A 2017 kwamitin sa ido ya ce ci gaba ba shi da amfani, a 2018 aka rufe gwajin, kamfanin kuma ya durƙushe a shekarar.

Ba ita kaɗai ba ce. IMA901 ta Jamus, wadda ta gutsattsarin furotin ce, an gwada ta a mutum 339, ba ta ƙara kwana ba. TroVax a mutum sama da 700, haka. Ƙaramin gwaji mai daɗin ji, babban gwaji ya rushe shi, sau uku kenan a ƙoda kaɗai.

Mai_Fata_Dutsinma:
Ranka ya daɗe, ina ganin an ɗan tsananta. Ai Amurka ta amince da Provenge a 2010, kuma irin wannan hanyar ce. Sannan da aka tattara ƙananan gwaje-gwajen ƙoda, an ga ƙarin ya ragu a kusan mutum 11 zuwa 13 cikin 100. Wannan ba banza ba ne ga wanda aka ce masa babu sauran dabara.

Likitan_Fitsari_KT:
Mai_Fata, Provenge ta dajin mafitsarar maza ce, wato furostet, ba ta ƙoda ba. Abin da ta ƙara wata 4 ne a matsakaici, 25.8 da 21.7, a kan dala 93,000 na ƙarin ruwa uku. Nasara ce a wurinta, amma ba a ɗaukar hujjar wata gaɓa a kai wata.

Kashi 11 ɗin nan kuma a duba daga ina ya fito. Gwaje-gwaje ne na mutum goma, ashirin, babu rukunin kwatantawa, kuma da yawansu an haɗa da intalukin-2 ko intaferon, waɗanda su da kansu suna rage ƙari. Ga shi dajin ƙoda yana da wata ɗabi'a: a wasu mutane yana zama wata da watanni bai motsa ba, ba magani ba komai, a 'yan kaɗan ma ƙarin huhu kan janye da kansa bayan an cire ƙodar. In ba ka da rukunin kwatantawa, duk wannan allura za ka jingina wa. Akwai rahoton da ya fito daga Jamus a 2000 wanda ya girgiza duniya, mutum 17, aka ce da yawa ƙarin ya narke. A 2003 mujallar da ta buga shi ta janye shi.

Ɗakin_Gwaji_Daura:
Akwai abin da masu tallan ba sa faɗa, kuma ya shafe mu kai tsaye. Allurar da ake yi da naman ƙarin mutum tana buƙatar nama ɗanye, wanda aka daskarar ko aka sa a ruwan adana RNA jim kaɗan bayan an ciro shi. A nan kuwa ƙoda na fitowa daga tiyata cikin fomalin, ruwan hana nama ruɓewa, take shiga. Fomalin yana daddatsa RNA, yana ƙulle furotin. Wanda aka cire wa ƙoda wata uku da suka wuce, in ya je waje aka ce za a yi mashi allura daga ƙarinshi, ya tambaya daga wane nama. In sun ce ba sai da nama ba, to wasu gutsattsarin furotin na kowa da kowa za su ɗora, ba nashi ba.

Malama_Patoloji:
Gaskiya ne, amma kada wani ya karanta wannan ya je ya hana a sa naman ɗan uwansa a fomalin. Ba tare da shi ba, ba za mu san wane irin daji ba ne, kuma duk magani a kan wannan amsar yake tsaye. Kusan kashi 70 zuwa 75 irin da ake kira mai ƙwayoyi garau ne, clear cell a Turance, wanda ke da nasaba da lalacewar ƙwayar gado ta VHL. Duk gwaje-gwajen da Dakta ya lissafa a kan wannan irin aka yi su. Sauran iri daban, magani daban.

Inda ake samun ɓarna shi ne a jefa ƙoda sukutum cikin 'yar roba da fomalin kaɗan. Fomalin a hankali yake ratsa nama, tsakiyar sai ta ruɓe kafin ya isa. Ya kamata a tsaga ta, ruwan ya ninka girman naman sau 10, a kai ɗakin gwaji a ranar ko washegari. Kuma iyali su riƙe lambar gwajin. Dunƙulen kakin da muke ajiye naman a ciki yana shekaru, ana iya karɓarsa a kai wani wuri a sake dubawa, har DNA ana cirowa daga cikinsa. RNA ɗin ne ke fitowa a lalace.

Sista_Kusugu:
Ku yi haƙuri in ɗan kauce. Muna ta maganar allurar miliyoyi, alhali abin da ke kashe mutanenmu zuwa a makare ne. Dattijo ya ga jini a fitsari, a ce tsargiya ce, a sayo maganin tsargiya a kemis. Jinin ya ɗauke da kansa, domin haka dajin ƙoda yake yi, ya zo ya tafi ba zafi. A ce magani ya yi. Bayan shekara ya dawo da ƙari a kwiɓi da rama da tari. Tsargiya ta fi kama yara da masu shiga ruwan dam da fadama, jininta a ƙarshen fitsari yake ɗigowa. Wanda ya haura 40 ya ga fitsari ja daga farko har ƙarshe, ko da sau ɗaya ne, hoton ciki ya kama shi, ko da an ga ƙwan tsargiya a fitsarin.

Likitan_Fitsari_KT:
Allah ya saka, Sista. Alamomi ukun da ke cikin littafi, jini a fitsari da ciwon kwiɓi da ƙarin da hannu ke taɓawa, ba su haɗuwa sai a mutum ɗaya cikin goma ko ƙasa, kuma in sun haɗu yawanci an makara. A ƙara da wannan: namijin da jijiyoyin marainarsa suka kumbura kwatsam a girma, kuma ba sa sacewa in ya kwanta, a duba ƙodarsa.

Tsarin shi ne hoton ciki na sikanin, sai CT na ƙirji da ciki da ruwan allura, bayan an auna kiriyatinin, gwajin jinin da ke nuna aikin ƙoda. Sai a auna abubuwa shida: ƙarancin jini, hawan kalsiyam, yawan fararen ƙwayoyin jini na nutrofil, yawan faletilet masu daskarar da jini, ko mutum ya kasa ayyukansa na yau da kullum, da ko an buƙaci magani kafin shekara ta cika da gano ciwon. Babu ko ɗaya, haɗari kaɗan. Ɗaya ko biyu, matsakaici. Uku zuwa sama, mai tsanani.

Wannan lissafin yana da alaƙa da allurar. Ita sai an cire ƙoda kafin a samu naman haɗa ta. Amma gwajin CARMENA na Faransa a 2018 ya nuna cewa ga masu matsakaici da tsananin haɗari waɗanda ciwon ya bazu, fara sunitinib ba tiyata bai gaza tiyata sannan sunitinib ba. Mutumin da ya rame, ciwo ya cika huhu, in aka yanka shi don kawai a samu nama, yana iya ƙare makonninsa yana jinyar tiyata bai taɓa fara maganin da zai taimake shi ba. Tiyata tana nan da wurinta: mai ƙarfi a jiki, wanda yawancin ciwon a ƙodar yake, ko mai zubar jinin da ya ƙi tsayawa.

Malama_Patoloji:
Tunda an taɓo iri-iri, akwai wanda ya shafi ƙasarmu fiye da Turai. Dajin tsakiyar ƙoda, wanda kusan duk masu shi suna da AS ko wani nau'in jinin sikila. Matasa yake kamawa, 'yan shekara goma sha zuwa talatin da wani abu, ya fi zuwa a ƙodar dama, kuma yana gudu sosai. Sunitinib ba ya yi masa aiki. Shi kemo ake ba shi, irin su kaboplatin da paklitaksel. Ana tabbatar da shi da rini na musamman da ke nuna furotin INI1 ya ɓace. Matashi mai AS da ƙari a ƙoda, a rubuta jinsin jininsa a takardar da ke raka naman zuwa wurinmu. Layi ɗaya ne, amma yana canza abin da muke nema.

Maman_Hanifa:
Innalillahi. Malama, AS ai ya cika gari. Hankalin iyaye zai tashi fa.

Malama_Patoloji:
Kwantar da hankalinki, Hajiya. Kusan mutum ɗaya cikin huɗu ko biyar a Najeriya AS ne, ciwon nan kuwa ba kasafai ake ganinsa ba ko kaɗan. Mai AS ma yakan yi fitsarin jini ba tare da wani daji ba. Abin da ake so kawai, in ya gani a yi hoto, kada a ce ai na sikila ne a zauna. Na ƙananan yara kuma, ƙarin Wilms, wani abu ne daban, yana jin kemo da tiyata, kuma ana warkewa in an zo da wuri aka kammala magani.

Famasis_Rafindaɗi:
Bari in faɗi abin da a zahiri yawancin majinyatanmu ke iya samu, wato ƙwayoyin sha masu toshe wa ƙarin hanyar jini.

Sunitinib: miligiram 50 kullum, mako 4 ana sha, mako 2 hutu. In ya yi nauyi likita kan mayar da shi mako 2 sha, mako 1 hutu, ko ya rage zuwa 37.5. A sayi na'urar awon hawan jini a gida tun ranar farko, domin jini na hawa a makonnin farko. Tafin hannu da na ƙafa kan yi ja su yi bororo, a riƙa shafa mai, a bar takalmi mai matsi da ruwan zafi. Gashi kan yi fari, fata ta yi ɗorawa-ɗorawa, wannan aikin maganin ne, amma in ƙwayar ido ta yi ɗorawa, hanta ce, a je asibiti. A riƙa auna makoshi, wato tayirod, domin kasalar da ake ɗora wa ciwon sau da yawa daga nan take.

Pazopanib: miligiram 800 da cikin da ba abinci, awa 1 kafin ci ko awa 2 bayansa. Hanta ake sa wa ido. Kada a haɗa shi da omeprazole, yana hana shi shiga jini, kuma mutanenmu kowa da maganin olsa a aljihu.

Duka biyun suna hana rauni warkewa, sai an dakatar kafin kowace tiyata, har cire haƙori a sanar da likita. Mai ƙoda ɗaya kuma ya rabu da diclofenac da ibuprofen da haɗin 'yan kemis na ciwon jiki, da jiƙe-jiƙen da ba a san abin da ke ciki ba. A duba lambar NAFDAC a kwali.

Sista_Kusugu:
Famasis, ka manta rifampicin.

Famasis_Rafindaɗi:
Na gode, Sista, wannan babba ne. Rifampicin na maganin tarin fuka yana sa hanta ta narkar da sunitinib da pazopanib da ɗan uwansu axitinib da sauri, mutum yana sha amma kaɗan ke saura a jini. Kuma ɗigon dajin ƙoda a huhu ana ɗaukarsa tarin fuka, a yi wata shida ana magani a banza. A yi gwajin majina na GeneXpert tukuna. In da gaske duka biyun ne, likitocin biyu su zauna su tsara.

Ɗan_Gobarau:
Na ƙaru ƙwarai. Amma a dawo da ni kan tambayata. Ana cewa maganin garkuwar jiki ya canza dajin ƙoda a duniya, ku kuma kun ce allurar ta faɗi. Wanne ne wanne?

Dakta_Ƙofar_Soro:
Malam, a nan masu talla ke cin kasuwa, domin suna ɗaya suke kiran abu biyu. Wanda ya canza dajin ƙoda ba a yin sa daga jinin mutum. Magani ne na kwalba da ake sawa a ƙarin ruwa na minti 30: nivolumab, pembrolizumab, ipilimumab. A jikin ƙwayar T akwai furotin PD-1 da CTLA-4 waɗanda in an taɓa su take daina faɗa. Ƙarin ya koyi cin moriyar wannan. Magungunan nan rufe wurin suke yi. James Allison da Tasuku Honjo sun samu Nobel a 2018 a kan wannan.

Nivolumab da ipilimumab, a gwajin mutum sama da 1,000, sun fi sunitinib tsawaita rai ga masu matsakaici da tsananin haɗari, kuma kusan ɗaya cikin goma ciwon ya ɓace a hoto, wasu shekaru da dama bai dawo ba. Ana ba da su tare duk mako 3 har sau 4, sannan nivolumab kaɗai. Pembrolizumab da axitinib sun shigo a 2019, sai nivolumab da cabozantinib, da lenvatinib da pembrolizumab a 2021. Waɗannan su ne layin farko a duniya yau. Matsalarsu a wurinmu kuɗi ne, kowane zama miliyoyin naira, kuma kwalbar na son sanyin digiri 2 zuwa 8 tun daga masana'anta har hannun majinyaci, ba a bari ta daskare.

Wanda ke da kuɗin tafiya waje don allura, kuɗin nan a nan ya fi dacewa ya sa su.

Sista_Kusugu:
Kuma wanda aka sa wa irin wannan ƙarin ruwan a Abuja ko Kano ya dawo gida, iyalinsa su san wannan: gudawa fiye da sau 4 a rana sama da yadda ya saba, ko sabon tari da haki, ko kasala mai tsanani da jiri, ba taifod ba ne sai an tabbatar. Garkuwar ce ke cin hanji ko huhu ko gland, wato gaɓoɓin da ke fitar da sinadaran jiki irin su tayirod. Maganinsa prednisolone ne, miligiram 1 zuwa 2 a kowane kilo, a hannun likita, kuma yana iya tasowa watanni bayan allurar ƙarshe. Ya riƙa yawo da takardar da ke ɗauke da sunan maganin. A gwada ciwon hanta na B kafin a fara, domin prednisolone mai yawa yana tayar da shi.

Mai_Fata_Dutsinma:
Na yarda da ADAPT, ban musa ba. Amma a 2025 mujallar Nature ta buga aikin cibiyar Dana-Farber ta Boston: mutum 9 masu dajin ƙoda mataki na 3 da na 4, aka yi wa kowa allurarsa, kusan shekara uku babu wanda ciwon ya dawo wa. Ba na jin daidai ne a rufe ƙofar nan.

Dakta_Ƙofar_Soro:
Ba a rufe ba, ni ma aikin nan ya faranta min rai. Amma a karanta shi yadda yake. Mutum taran nan an riga an cire masu ciwon gaba ɗaya da tiyata, allurar don hana dawowa ce. Ba irin wanda Malam Ɗan_Gobarau ya tambaya ba, mai ƙari a huhu yanzu. Kuma ba ta ƙwayoyin dendiritik ba ce: an karanta DNA na ƙarin, aka zaɓo canje-canjen da babu su a lafiyayyen nama, aka ƙera gutsattsarin furotin a kansu. Mutum tara ne, ba rukunin kwatantawa, daidai matakin da rocapuldencel-T take a lokacin da kowa ke murna. Kamfanonin Moderna da Merck suna gwada irinta ta mRNA, wani nau'in RNA, tare da pembrolizumab a gwajin ƙuri'a. A jira shi.

Abin da ya tabbata bayan tiyata ga masu haɗarin dawowa shi ne pembrolizumab na shekara ɗaya. A gwajin mutum 994, bayan shekara 4, kashi 91 na raye a masu magani, kashi 86 a marasa shi.

Ɗalibar_Garkuwa_UMYU:
Dakta, a ba ni dama in ƙara dalilan faɗuwar, don tambayar Maman_Hanifa ba a gama amsa ta ba. Na farko, ƙwayoyin da aka sa a fata, ƙasa da kashi 5 cikin 100 ke isa kaluluwa, sauran a wurin allurar suke mutuwa. Na biyu, ƙarin ba abu ɗaya ba ne. Wani bincike na Landan a 2012 ya yanko wurare daban-daban daga ƙoda ɗaya, ya tarar kusan kashi biyu cikin uku na canje-canjen gado ba a kowane wuri suke ba. Cigiyar da aka ɗauko daga gefen ƙoda tana iya saɓa wa kamannin wanda ke huhu. Na uku, dajin ƙoda na zubo VEGF da yawa, sinadarin da ke tsiro masa da jijiyoyin jini, shi kuma yana hana dendiritik nuna, yana tara ƙwayoyin da ke danne garkuwa. Ko an tayar da ƙwayoyin T, suna isa ƙarin sai a kashe masu ƙarfi. Shi ya sa a ADAPT an ga garkuwa ta motsa a gwajin jini, amma kwana bai ƙaru ba. Fatan masu bincike yanzu shi ne haɗa allurar da irin su pembrolizumab.

Alhaji_Mai_Shanu_Mashi:
Ni fa nawa ganin, tunda ban ji kun ce tana cutarwa ba, mai hali ya gwada mana. Kuɗinshi ne. Waraka ta Allah ce.

Likitan_Fitsari_KT:
Haka ne Alhaji, waraka ta Allah ce, kuma allurar kanta illarta kaɗan ce, ɗan zazzaɓi da kumburin wurin. Cutarwar a gefe take. Biza da tafiya da tace jini da jiran haɗawa suna cin makonni, wasu kan ajiye sunitinib a wannan tsakanin, ciwon kuwa in an sake shi yana iya zabura. Mai ƙari a ƙashin baya ko gudan ciwo a babbar jijiyar ciki, doguwar tafiyar jirgi haɗari ce gare shi. Sannan in kuɗi suka ƙare a can, ya dawo ba na ƙwayar wata-wata.

Wanda duk da haka ya nace, ga abin da zai tambaya a rubuce kafin ya biya ko sisi. Wace hukuma ta amince da ita don dajin ƙoda? In bincike ne, ina lambar rajistarsa mai farawa da NCT, don a duba a ClinicalTrials.gov? Me ya sa ake biya, alhali a bincike na gaskiya mai binciken ne ke ɗaukar kuɗin abin da ake gwadawa? Da me za a ɗora wa ƙwayoyin? Za a ba da takardar gwajin ingancin kowace kwalba? Kuma da CT za a auna nasara bayan wata 3, ko da gwajin jinin da su suka ƙirƙira?

Sista_Kusugu:
Kada a manta da wanda ba shi da halin ko ɗaya, su ne suka fi yawa. Ciwon ƙashi yana jin gashin na'ura, wato radiyoterafi, sau da yawa zama ɗaya ya isa, kuma an buɗe cibiyar ciwon daji a Asibitin Koyarwa na Katsina a 2025, a je a tambayi abin da suke yi kafin a ɗauki hanyar Zariya. Mofin na sha duk awa 4 tare da maganin taurin bayan gida ba alamar an sallama mutum ba ne. Ruɗewa da yawan ƙishi da taurin ciki, a auna kalsiyam, ana sauke shi da ƙarin ruwa da maganin zoledronic. Ciwon baya da nauyin ƙafafu ko riƙewar fitsari kuma a ranar ake zuwa asibiti, ba gobe ba, domin lakar baya ce ake dannewa.

Mai_Fata_Dutsinma:
Ni har yanzu ina ganin nan da 'yan shekaru maganar za ta canza. Malama_Patoloji, wanda za a yi wa tiyata yanzu, yana da amfani ya nemi a daskarar masa da ɗan nama ko da gaba?

Malama_Patoloji:
In asibitin yana da firiza mai digiri 80 ƙasa da sifili da wutar da ba ta yankewa, ba laifi, amma a shirya da likitan tiyata da ɗakin gwaji tun kafin ranar, a yanki ɗan gutsure kamar ƙwayar gyaɗa cikin rabin awa da fitowar ƙodar, daga wurin da bai ruɓe ba, kuma mu za mu yanka don kada a ɓata gefen da muke aunawa. Firizar gida ba ta yi, in ya narke sau ɗaya ya tashi aiki. Yawancin gwaje-gwajen ma da kansu suke karɓar naman a asibitinsu, ba sa amsar wanda aka ajiye a wani wuri. Dunƙulen kakin dai a tabbata an san inda yake, da lambarsa.